A Fita Da Hantsi, A Dawo Da Magariba

Daga Wakilinmu na Arewa, Jos

A jikin lambar kowace mota da aka yi wa rajista a Jihar Filato an rubuta da Turanci wai nan ne gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido. Maganar zaman lafiya kowa ya san inda aka kwana, kuma za mu zo kanta nan gaba. Yau dai rabin kirarin na biyu nake so mu duba. A ce baƙo ya sauka Jos daren Juma'a, gari ya waye ranar Asabar yana son ya ga Dutsen Riyom da ruwan Assop, ya komo masaukinsa kafin magariba. To, wace tasha zai nufa? Ƙarfe nawa motar ke tashi? Nawa ne kuɗinta? In ya isa, wa zai tsaya ya yi masa bayanin abin da yake kallo? In ba shi da motar kansa, ba shi kuma da abokin da ya san hanya, sai dai ya yi shatar tasi da kuɗi mai yawa, ko kuwa ya haƙura ya koma ɗaki ya ja bargo.

Ba baƙo kaɗai ke cikin wannan hali ba. Yaran da aka haifa a Gangare da Unguwar Rogo da Jenta da Unguwar Rukuba, da yawansu sun girma har sun yi aure ba su taɓa taka waɗannan wurare ba, alhali kuwa ga su nan a bayan gidansu. Ra'ayina shi ne, muddin talakan Jos ba zai iya biyan kuɗin mota daidai ƙarfinsa, ya fita da hantsi ya ga abubuwan tarihin ƙasarsa, ya dawo gida lafiya da magariba ba, to, wancan kirari na jikin lamba zance ne kawai. Kuma da 'yan gida ya kamata a fara, tun ba 'yan makaranta ba, kafin a shiga maganar baƙi daga ƙetare.

YADDA WASU SUKA YI DA NASU

Bari mu leƙa ƙasar Italiya mu gani. A kudancinta akwai birnin Napoli a bakin teku. Birni ne mai cunkoso da hayaniya, mai talakawa da yawa, wanda ya daɗe yana fama da rashin aikin yi da miyagun ƙungiyoyi. Duk da haka mutane daga ko'ina cikin duniya suna sauka can, su kama ɗaki na kwana uku ko huɗu, kullum da safe su fita wani wuri su dawo da yamma. Yau su shiga jirgin ruwa mai gudu zuwa tsibirin Kapri ko na Iskiya, tafiyar kamar awa guda. Gobe su hau jirgin ƙasa zuwa Pompeyi, watau kufan garin nan da dutse mai aman wuta ya binne da toka a shekara ta 79 bayan haihuwar Annabi Isa, wanda aka soma tonowa a 1748. Tafiyar ba ta wuce minti 40 ba. Jibi kuma su bi hanyar gaɓar Amalfi, inda gidaje ke maƙale a jikin duwatsu, teku na ƙarƙashinsu.

A 2024 mutum fiye da miliyan 4 ne suka shiga Pompeyi, har hukuma ta ga abin ya yi yawa, ta ƙayyade tun daga watan Nuwamba na shekarar cewa kada a wuce mutum 20,000 a rana guda. Kada kuma a ɗauka can ba a sakaci. A watan Nuwamban 2010 wani tsohon gini a cikin kufan ya rushe, duniya ta yi ta yi wa gwamnatin Italiya surutu. Wannan abin kunya ne ya sa a 2012 aka fara babban aikin gyara da kuɗi Yuro miliyan 105, tare da taimakon Tarayyar Turai.

Abin lura a nan shi ne, baƙon nan a Napoli yake kwana, a nan yake cin abincin dare, a nan yake sayen tsaraba. Abin da ya haɗa birnin da wuraren nan kuwa ba wani siddabaru ba ne: jirgi mai lokacin tashi sananne, tikiti mai farashi sananne, da ɗan jagora mai takardar izni. Waɗannan uku su ne Jos ta rasa.

ABIN DA KE BAYAN GIDANMU

Gaskiya ne mu ba mu da teku, ba mu da tsibiri. Amma duk wanda ya ce ba mu da abin nunawa, bai san tudun Jos ba. Garin yana bisa tudun da ya ɗara mita 1,200, shi ya sa sanyinsa ya yi suna tun zamanin Turawa, har suka mai da shi wurin hutu.

Tun kafin a bar gari ma akwai abin cika yini. Gidan ajiye kayan tarihi na Jos an buɗe shi a 1952, Bernard Fagg ne ya kafa shi, kuma yana cikin na farko-farko a ƙasar nan. A gefensa akwai filin gine-ginen gargajiya da wani masanin gini ɗan ƙasar Folan, Zbigniew Dmochowski, ya tsara, inda aka kwaikwayi wani sashe na ganuwar Kano, da fadar Katsina, da tsohon masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani ya gina a ƙarni na 19. Ɗan Hausa da aka haifa a Jos zai iya ganin fasahar maginan kakanninsa ba tare da ya biya kuɗin motar Zariya ba. Sai dai ginin ƙasa kullum yana bukatar yaɓe, damunar Jos kuwa ba ta da wasa, kuma duk wanda ya je ya ga irin ɓarnar da ruwa da sakaci suka sha yi wa wurin. Akwai gandun namun daji da aka kafa a 1972 zamanin Gwamna Joseph Gomwalk. Gabas da gari kuma ga duwatsun Shere, waɗanda tsininsu ya kai mita 1,829.

In an fita gari, hanya ta farko ita ce ta Akwanga. Kimanin kilomita 25 daga Jos ga Dutsen Riyom, manyan duwatsu ɗaya bisa ɗaya kamar hannu ne ya jera su. Gaba kaɗan sai Hawan Kibo, inda tudun ya yanke, mutum ya hangi ƙasa shimfiɗe a gabansa iyakar ganinsa. A gindin hawan ne ruwan Assop ke zubowa daga kan dutse. Wanda ya yi sammako zai iya karkatawa ta Kafanchan ya ga Matsirga, ya wuce Kwoi, ya isa ƙauyen Nok a ƙasar Jaba cikin Jihar Kaduna.

Hanya ta biyu ita ce ta kuza: Rayfield, Bukuru, Barikin Ladi, har zuwa Kurra, inda kamfanin NESCO, wanda aka kafa a 1929, ya tare ruwa yana ba ma'aikatun haƙar kuza wutar lantarki. Tafkunan da ke birjik a wannan hanya, da tsibin ƙasar da ke gefensu, duk ramukan haƙar kuza ne. Kuza ce ta kafa Jos. Ita ta jawo ƙaramin jirgin ƙasa daga Zariya a 1914, wanda aka daina aiki da shi a 1957. Ita ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu daga Kano da Katsina da Bauchi da Barno, wasu don neman kuɗin haraji, wasu kuwa a kan tilas, lokacin ɗiban gwamna na yaƙin duniya na biyu, sa'ad da sanyi da yunwa da cuta suka halaka lebura masu yawa. Ita ce kuma ta cinye wa Birom gonakinsu. Sunaye irin su Barikin Ladi da Gindin Akwati da Mai Adiko shaida ne na wancan zamani. Waɗannan su ne namu kufan, kuma labarinsu ya shafi kowa da kowa.

Hanya ta uku ita ce ta Mangu da Pankshin. A nan akwai duwatsun Kerang, waɗanda a can dā suka yi aman wuta, da tafkin Pidong da ke cikin bakin ɗaya daga irin waɗannan duwatsu, da gidan kiwon kifi na Panyam. A ƙasar Bokkos akwai tsofaffin gadoji na dutse, kamar na Butura, waɗanda mutanen dā suka jera ba da siminti ba, kuma suna cikin jerin abubuwan tarihi na ƙasa. Can nesa, fiye da kilomita 200 daga Jos, ga Dutsen Wase tsaye shi kaɗai cikin fili, inda tsuntsayen kwasakwasa ke yin sheƙa. Wase kam sai da sammakon asuba, ko kuma a kwana.

LABARIN NOK

Bari in ɗan tsaya a kan Nok, domin shi ne babban abin da duniya ta san wannan yanki da shi. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu kusa da ƙauyen Nok. A 1943 aka sake samun wani a wajen Jama'a. Wani akawun ma'aikatar kuza ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya ya zama mutum-mutumin korar tsuntsaye, kafin labari ya kai ga Bernard Fagg, wanda ya lura cewa kawunan nan biyu aikin al'umma guda ne. Daga baya a Taruga aka sami matoyar ƙarfe tare da irin waɗannan kayan. Tun daga 2005 masana daga jami'ar Farankfot ta ƙasar Jamus, tare da Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, suka yi shekaru suna tono, suka nuna cewa al'ummar Nok ta faro tun wajen shekara 1,500 kafin haihuwar Annabi Isa. Sun sami burbushin gero da wake a mazauninsu. A 2021 kuma aka bayyana cewa an gano alamar kakin zuma a jikin tukwanensu. Watau tun kafin a aza tubalin Pompeyi, mutane a ƙasar nan suna noman gero, suna shan zuma, suna gasa yumɓu da gwanintar da har yau ake mamaki.

To, ina kayan suke? Da yawa sun tsallake teku ta hannun 'yan sumoga, waɗanda ke ba matasan ƙauye 'yan kuɗi kaɗan su tona musu. A shekara ta 2000 sai ga wasu daga cikinsu a babban gidan tarihi na birnin Faris. Bayan ka-ce-na-ce, a 2002 Faransa ta amince cewa na Nijeriya ne, Nijeriya kuma ta bar mata su aro na shekara 25. Saurayin da ya tona ya sayar ba mugunta ce ta sa shi ba. Ba wanda ya taɓa nuna masa cewa abin nan zai iya kawo masa kuɗi kowane mako in yana nan inda yake. Ranar da motar baƙi za ta riƙa tsayawa a ƙauyensu kowace Asabar, uwarsa na sayar da abinci, shi kuma yana jagora, ranar ba sai an sa ɗan sanda ya tsare ramin ba.

ME YA SA DA 'YAN GIDA?

Na farko dai, Hausawa sun ce gida bai ƙoshi ba, ba a kai wa dawa. Bature ba zai zo inda ɗan gari ke tsoron zuwa ba, kuma duk shirin da ya dogara ga baƙin ƙetare, gargaɗi guda daga ofishin jakadancinsu ya isa ya rusa shi. Amma makarantun Jos da Bukuru ba inda za su. Ga 'yan hidimar ƙasa, ga ɗaliban jami'a, ga masu zuwa taro da kwas a Kuru da Vom, ga ma'aikatan Abuja masu neman inda za su sha iska ƙarshen mako. Waɗannan sun isa su riƙe mota a kan hanya duk shekara.

Na biyu, Jos na bukatar abin yi. Tun da kasuwar kuza ta duniya ta karye a 1985 garin bai sami magajinta ba, babbar kasuwar Taminus kuma ta ƙone a 2002. Tafiyar yini guda tana raba kuɗi ga hannaye da yawa: direba da yaron mota, mai masa da mai tsire, mai gwate da mai fura da nono, mai dankalin Bokkos, dukawan Naraguta, da mai ɗaukar hoto.

Na uku, kuma shi ne ya fi damuna. Tun daga rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, Jos ta rabu unguwa-unguwa bisa addini. Akwai samari yau da ba su taɓa zama aji ɗaya da wanda ba addininsu ɗaya ba. Yaron Rikkos bai san ƙauyen Birom ba sai a labarin faɗa, yaron Riyom kuma bai san cikin Gangare ba sai a labarin faɗa. Abin da mutum bai sani ba shi yake tsoro. In aka zuba 'yan aji guda daga wannan gefe da 'yan aji guda daga wancan cikin mota ɗaya, aka kai su bakin tafkin kuza, aka gaya musu cewa kakan wannan ya rasa gonarsa a nan, kakan wancan kuma ya ɗauki kwanon ƙasa a ka a nan, Bature ya kwashe ribar, lalle za su koma gida da abin da ba sa ji a majalisar unguwa. Gani ya kori ji.

MASU CEWA BA ZAI YIWU BA

Wasu za su ce, malam, ana ta kai wa yake ta kaya? Maganarsu tana da ƙarfi, ba kuwa zan raina ta ba. A watan Agustan 2021 an tare matafiya a hanyar Rukuba aka kashe fiye da mutum 20. A jajiberin Kirsimeti na 2023 an auka wa ƙauyuka a Bokkos da Barikin Ladi aka kashe mutum fiye da 100. Babu uban da zai sa ɗansa a mota bayan ya ji irin wannan sai an ba shi tabbaci. Don haka kada a fara da Bokkos ko Wase. A fara da na kusa: gidan tarihi, gandun namun daji, Shere, Rayfield, sa'an nan Riyom da Assop da ke kan babban titi. A tafi da rana, a dawo da rana, da rakiyar jami'an tsaro, kuma da sanin dagatai da matasan kowane wuri, domin da ɗan gari kan ci gari. In aka shekara lafiya sai a ƙara nisa. Jiran sai an sami cikakken zaman lafiya kafin mutane su fara cuɗanya, daidai yake da a ce wa majinyaci sai ya warke za a ba shi magani.

Wasu kuma za su ce ana fama da abin kai wa baka, wa ke da kuɗin yawo? Shi ya sa na ce farashi daidai ƙarfin talaka. A Italiya ma tun 2014 ana buɗe gidajen tarihin gwamnati kyauta ranar Lahadin farko ta kowane wata. Ba abin da zai hana mu ware rana guda a wata ga 'yan makarantun gwamnati.

Akwai kuma 'yan'uwa da ke ƙyamar abin, suna cewa ai gumaka ne. Ba wanda ya ce a je a yi musu sujada. Malamanmu sun sha karantar da mu cewa tafiya cikin ƙasa don ganin yadda mutanen dā suka ƙare, a ɗauki izina, abu ne da addini ya kwaɗaitar. Ƙasar Masar, mai jami'ar Azhar, ita ke tsaron dalar Fir'aunoni, miliyoyin 'ya'yanta kuma suna ci daga masu zuwa kallo.

KIRA GA HUKUMA

Saboda haka ina kira ga Gwamnatin Jihar Filato da hukumarta ta yawon buɗe ido da su yi abubuwa kaɗan, waɗanda ba su bukatar kwangilar biliyoyi. A 2024 gwamnati ta fito da manyan motocin safa na cikin gari, jama'a kuma suka yi na'am da su. To, a ware biyu ko uku daga irinsu kowace Asabar da ranakun hutu, su tashi daga wuri guda sananne, a lokaci guda sananne, a buga farashi a allo, a kuma sanar a rediyo da Hausa da Turanci da Birom da sauran harsunan jiha. Ko mutum biyar ne suka zo, mota ta tashi a kan lokaci, domin da haka ake sayen amana.

A ɗauki samari da 'yan mata daga ƙauyukan da wuraren suke, a haɗa su da na cikin gari, a ba su horo a gidan tarihi da Jami'ar Jos, a ba su takardar shaida, su zama 'yan jagora. A kowane wuri a yi makewayi mai tsabta, da rumfa, da ruwan sha, da wurin salla, da allon bayani. A killace bakin tafkunan kuza, don suna da zurfi kuma sun sha cin rayuka. Wani kaso na kuɗin ƙofa a bar wa jama'ar wurin, a kuma faɗi adadinsa a fili. Gwamnatocin Filato da Kaduna su zauna su shirya hanyar Nok tare, tun da mutanen Nok ba su san iyakar jiha ba. Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ta nemo magina daga Zariya da Kano su riƙa yi wa gine-ginen gargajiyar nan yaɓe kafin kowace damuna.

Mu ma iyaye da shugabannin makarantu, na boko da na Islamiyya da na mishan, muna da namu. Kuɗin da ake kashewa a bikin ƙarshen zango, na anko da kiɗa da kujerun haya, rabinsa ya isa a kai aji guda Dutsen Riyom a dawo. Attajiranmu na Dilimi da Bauchi Road, kowannensu zai iya ɗaukar nauyin mota guda a shekara. Tafiya mabuɗin ilmi ce, kuma wannan tafiyar ba ta bukatar fasfo ko guzurin kwana. Allah ya zaunar da Filato da ƙasa baki ɗaya lafiya, ya ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace, amin.